Ranar da Masu Tsara Manufofi Suka Riƙe Muciya

Mutane sun ishe ni da tambayar abin da ya faru a tasha ranar Laraba, kuma duk wanda ya ji, in ya je gaba sai ya ƙara wa labarin gishiri. Har na ji an ce wai na kwaɗa wa babban mutum muciya a ka. Ƙarya ne, ko bakin rigarsa ban taɓa ba. Bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Sunana Lantana, amma a tashar motar garinmu Iya ake ce mini, har direbobin da furfura ta cinye musu gemu. Shekara arba'in da ɗaya ina tuƙa tuwo a wurin, a kan duwatsu uku da na ɗauko a ka daga bakin rafi tun tashar tana da mota huɗu. Ban taɓa zama a aji ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Da muciyata na aurar da 'ya'ya bakwai, da ita na je Makka na dawo, kuma har yau ba a haifi direban da zai sa hannu a tuwona bai wanke ba.

Wata safiya ina cikin kaɗa miyar kuka sai ga Sarkin Tasha, Malam Tanimu, da takarda a hannu, yana tafe yana sosa ƙeya. Da ganin sosa ƙeyar nan na san ba alheri ya kawo ba.

"Iya, barka da aiki. Takarda ce aka aiko daga sama."

Na ce, "Sarki, sama ba ta da alƙalami. Mutum ne ya rubuta. Karanta in ji."

Ya karanta. Wai daga nan zuwa ƙarshen wata, duk mai sayar da abinci a tasha ta kwashe murhun duwatsu, za a raba mana sabon murhu na ƙarfe mai rage cin itace da hayaƙi. Wadda ta ƙi, a karɓe rumfarta a ba wata.

Na ajiye maburgi.

"A karɓe rumfar wa?"

"Haka dai aka rubuta, Iya."

"Wa ya ce?"

Ya bi takardar da yatsa har ƙasa, sannan ya ce, "Masu tsara manufofi."

"'Yan wace unguwa ne? Wa ye ubansu?"

"Wallahi Iya, ni ma ban taɓa sa su a ido ba."

To ni sunan ba baƙo ba ne a kunnena. Rediyona na nan rataye a ginshiƙin rumfa, kullum safiya sai na ji shi. In taki ya yi tsada, ana kira ga masu tsara manufofi. In gada ta karye, ana kira ga masu tsara manufofi. In yara sun faɗi jarrabawa, su dai ake kira. Shekara da shekaru ana kiran bayin Allahn nan, ban taɓa jin ranar da suka ce na'am ba. Har na ɗauka kurame ne, ina tausaya musu. Ashe suna ji sarai, suna can suna shirya wa duwatsuna ne.

Ranar Asabar sai ga jikana Zahradini, ɗan 'yata Balaraba, wanda ke aikin gwamnati a birni. Ashe a ofishin da aka rubuto takardar yake. Ya sauko daga mota rungume da wani abu kore, dogo, kamar bokitin fenti da aka ɓula wa ƙofa a ciki. Wai shi ne sabon murhun.

"Amarya, ga tsarabarki na kawo," in ji shi, don haka yake tsokanata tun bai iya ɗaura wando ba.

Na ce, "Maigida mara cefane, ajiye can gefe kada ka tare mini hanya. Zauna nan. Kai ne mai tsara manufofin?"

"Ni? Ina! Ni ƙaramin ma'aikaci ne, takarda nake kai musu in karɓo."

"To gwamna ne?"

"Ba shi kaɗai ba. Akwai 'yan majalisa, akwai manyan sakatarori, akwai daraktoci, akwai masana. Duk wanda ke zama a yanke yadda jama'a za su riƙa yin abu, shi ake nufi."

"Manufar kuma mece ce? Ka yi mini Hausa, ba ta rediyo ba."

Ya yi ɗan tunani. Yaron yana da kai, ba don jikana ba ne. Ya ce, "Iya, ba kin ce a rumfarki babu mai cin tuwo sai ya wanke hannu ba? Kuma babu mai ɗora ƙafa a kan benci?"

"Har gobe."

"To wannan manufa ce. Hanyar da aka zaɓa kowa ya bi, don wani amfani da aka hango. Ke ce mai tsara manufa a rumfarki."

Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba. Har na gyara ɗaurin ɗankwali. Amma sai wani abu ya faɗo mini a rai.

Na ce, "Tsaya. Ni da na ce a wanke hannu, ni ke cika butar, ni ke sayen sabulun, kuma ni ke fara wankewa. Su in sun tsara, su ke fara yi?"

"A'a, ai akwai masu aiwatarwa."

"Su sai su yi?"

"Su ne ke kawo takardar."

"To wa ke yi?"

Ya dube ni, ya dubi murhun, ya ce a hankali, "Ke."

Na yi dariya har sai da na riƙe ginshiƙi. Na ce, "Kai, ashe na san su! Ai da ɗaya daga cikinsu na zauna shekara talatin. Kakanka, Allah ya jiƙansa, kullum yana kan tabarma yana tsara yadda za a share tsakar gida, har ya koma ga Allah bai san inda tsintsiya take kwana ba."

Hansai mai ƙosai, wadda rumfarta ke jikin tawa, ta ji duk abin da muka yi. Hansai kuwa in ta ji magana, to tasha ta ji. Kafin la'asar sunan ya zaga ko'ina. Tayar wata mota ta yi faci, direba na kwance a ƙasa yana fama, gumi na zuba, mutum biyar sun kewaye shi hannu a baya, wannan ya ce ɗaga nan, wancan ya ce sassauta can. Sai direban ya leƙo da kai ya ce, "Masu tsara manufofi, ɗayanku ya miƙo mini sifana mana!" Aka watse da dariya. Fasinjan da ke kujerar baya yana koya wa direba tuƙi, mai tsara manufa. Mai kallon dara da ke cewa da ni ne da nan zan sa, mai tsara manufa. Wani ya ce miyata ta so ƙarin daddawa, ban ma buɗe baki ba, benci gaba ɗaya ya amsa masa.

Abin har ya kai ga ƙara. Ranar Litinin wasu 'yan kamasho biyu suka ja juna gaban Sarkin Tasha, ɗaya yana huci.

"Sarki, zagina ya yi a gaban fasinja."

"Me ya ce maka?"

"Ce mini ya yi mai tsara manufa, alhali tun asuba nake lodi, buhu tara na ɗora da bayana!"

Sarki ya shafa gemu ya yanke hukunci, kuma hukuncin yana nan ana aiki da shi. Ya ce in mutum na zaune hannunsa babu komai, bakinsa na aiki, ka kira shi da sunan, ba ka yi laifi ba. Amma in yana ɗauke da kaya, zagi ne, sai ka ba shi haƙuri.

Zahradini da ya ji, ya zo kamar zai yi kuka.

"Iya, kin ɓata wa iyayen gidana suna. Sunan girma ne fa! A takardun ofis da girmamawa ake rubuta shi. Kuma ba duk abin da suka tsara ne banza ba. Allurar ƙyanda da ake yi wa yara, ai su suka tsara."

Na ce, "Wanda ya tsara allura Allah ya yi masa albarka, da gani ya taɓa riƙe yaro. Wanda ya tsara wannan abin kuwa bai taɓa ganin tuwo ba sai a kwano."

"Ko gwadawa ba ki yi ba fa."

Na miƙa ƙafa na zunguri murhun da babban yatsa. Ya ja baya taku guda, yana ƙara kamar gwangwanin madara.

"Na gwada," na ce.

"Masana sun yi wata shida suna bincike a kansa."

"To su zo su nuna mini."

"Ai suna zuwa. Jibi Laraba za a yi bikin rabawa a nan tasha. Darakta da kansa zai zo, da 'yan jarida. Kuma ke aka zaɓa ki fara karɓa, tunda ke ce babba. Don Allah Iya, ki karɓa, ki yi murmushi, a ɗauki hoto. In kika ƙi, rumfar nan tafiya za ta yi, ni kuma ba ni da bakin hanawa."

Na ce, "Zan karɓa. Amma ka ce su zo da garin masara kwano goma na ofishinsu. Ni ba na wasa da hatsina."

Ranar Laraba tun hantsi aka kafa rumfunan haya a tsakiyar tasha, aka jera fararen kujeru, aka ɗaura lasifika a jikin itacen darbejiya. Mu masu abinci aka zaunar da mu a gaba, wata yarinya ta bi mu tana liƙa mana takarda a ƙirji. Na tambayi Hansai me aka rubuta, ta ce ita ma ta tambaya, wai mu ne masu ruwa da tsaki.

Na ce, "Ruwa dai na san nawa ne, tunda ni ke ɗebowa."

Ni kuwa tun asuba na riga na ɗora tukunyata ta kullum a kan duwatsuna, na yi talge, na bar wuta kaɗan. Biki ko ba biki, direba zai ji yunwa.

Sai wajen sha ɗaya motoci suka shigo. Darakta ya fito, sunansa Dakta Ɗayyabu, dogo, mai fara'a, cikin farar babbar riga da ta sha aiki har ciki, da takalmi baƙi mai tsini yana ɗaukar ido. Turarensa ya riga shi isowa. Na ƙare masa kallo. Ashe haka suke. Ni da na ɗauka za su zo da wani kai na daban.

Aka maƙala masa wata 'yar na'urar magana a wuyan riga, ya yi jawabi. Ya ce hayaƙi yana cin idon mata yana cin ƙirjinsu. Na gyaɗa kai, don gaskiya ya faɗa, idona na hagu shaida ne. Ya ce daji na ƙarewa, itace na tsada. Nan ma ban musa ba. Sannan ya ce su masu tsara manufofi ba sa barci saboda tunanin mata irinmu. Yana faɗin sunan, sai tasha gaba ɗaya ta ɗauki tafi da shewa, 'yan kamasho har da tsalle. Bawan Allah ya ɗauka ƙauna ce, ya dafa ƙirji ya sake maimaitawa. Aka sake fashewa. Zahradini ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa kamar ya yar da allura.

Aka zo gwaji. Suka hura murhun da 'yan ƙirare kamar yatsu, suka ɗora wata 'yar tukunya irin wadda yara mata ke wasan girki da ita. Wani ma'aikaci ya riƙe agogo. Kafin ka ce me, ruwa ya tafasa, kuma hayaƙin kaɗan ne, wannan na gani da idona. Aka yi tafi.

"Kun gani?" in ji Darakta. "Sau ɗari muka gwada a ɗakin bincike, ruwa bai taɓa wuce wannan lokacin bai tafasa ba. Ina Iya Lantana? Bismillah, Iya."

Na tashi na je, na gaishe shi yadda ya kamata.

"Ranka ya daɗe, an zo lafiya? Murhu ya yi kyau, koren ma ya yi. Sai dai ni a rumfata ba a sayar da ruwan zafi."

Ya yi dariya. "Ai duk abin da ya tafasa ruwa zai dafa abinci, Iya."

"Madalla. To mu dafa."

Na ɗaga wa direbobi biyu hannu, suka ɗauko babbar tukunyata ta biyu, wadda nake tuƙa wa mutum sittin a ciki. Da suka ɗora ta a kan murhun, sai ta zama kamar ƙaton mutum ya zauna a kan gwangwani. Hansai ta toshe baki da gyale. Aka cika ruwa, aka yi ta tura ƙirare. Ma'aikata suka yi ta jawabi don cike lokaci, har wanda ba a shirya zai yi magana ba ya yi. Ruwa ya tafasa, na dama garinsu na yi talge, na rufe ya dahu. Har nan murhu bai yi gardama ba. Darakta yana ta kallon masu hoto yana murmushi.

Sai na zuba gari. Na ɗauko muciya, na goge ta da gefen zane, na miƙa masa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, an ce mini ku kuka tsara. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, kada in yi ba daidai ba. Nuna mini yadda aka tsara a tuƙa."

Wani ma'aikaci ya yunƙuro zai hana, amma masu hoto suka riga shi. "Yallaɓai, wannan hoton shi ne zai fita a jarida! Riƙe, Yallaɓai!"

Darakta ya naɗe babbar riga a kafaɗa ya ce, "Ai ni ɗan ƙauye ne, Iya. Na sha ganin mahaifiyata tana yi."

Na ce, "Allah ya saka mata."

Wanda bai taɓa tuƙa tuwon mutum sittin ba bai san abin da ake ciki ba. Da farko muciya tafiya take kamar a ruwa. Amma da gari ya sha, sai tuwo ya kama muciya ya riƙe, ya zama kokawa ake yi: kai ka ja, shi ya ja. Shi ya sa ake son murhu mai nauyi, a ƙasa, wanda ya rungume gindin tukunya ta ko'ina. Wannan kowace yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta sani. Ba a rubuta shi a ko'ina ba, don ba a taɓa zaton akwai wanda bai sani ba.

Juyin farko lafiya. Na biyu, murhu ya ce ƙiii. Na uku, tukunya da murhu suka juyo tare suka bi muciyar.

"A riƙe mini!" in ji Darakta.

Zahradini ya ruga ya kama kunnen tukunya da hankici, ya saki, ya sa yatsu a baki, ya sake kamawa da hularsa. Mai agogo ya durƙusa ya rungumi murhun da fayil. Sarkin Tasha ya taka gefe ɗaya da ƙafa. Mutum huɗu a kan tukunya ɗaya, kuma duk da haka murhun tafiya yake. Darakta ya ja, su bi shi. Ya tura, su ja da baya. Sun fara daga gaban kujerun manya, sai ga su sun doshi motar Gusau.

Tasha kuwa ta rikice. Direbobi sun hau kan motoci suna ba da umarni.

"Yallaɓai, danna ta hagu!"

"Sa giya ɗaya, hawa ne!"

"A sa masa weji, zai gangara!"

Hansai tana ta buga cinyata tana cewa, "Yaya Lantana, zan mutu! Wallahi cikina!" Ni dai ina tsaye hannu a ƙugu. Gari ya fara gudaji, ina gani, raina na ɓaci, amma na tuna ba nawa ba ne.

Gumi ya jiƙe wa Darakta hula. Ya ga masu hoto na ɗauka, zuciya ta ɗebe shi, ya tattara ƙarfinsa duka ya yi wani irin finciko. Murhu ya ɗaga ƙafa. Tukunya ta yi sallama da shi, ta kwanta a hankali kamar saniya, tuwon ya fito dunƙule guda, ya sauka daidai inda Darakta yake tsaye. Allah ya taimake shi ya yi tsalle. Sai dai ya tsira da ƙafa ne, bai tsira da takalmi ba: na dama yana can ƙarƙashin tuwon mutum sittin. Ya tsaya a ƙafa ɗaya da safa, muciya a hannu, tururi na tashi a gabansa. Kafin a ankara awakin tasha sun iso, har da wani bunsuru da ban taɓa gani ba.

Sai wani daga saman mota ya ce, "An aiwatar!"

Ban san tasha na da mutane haka ba sai da na ji dariyar nan.

Na karɓi muciyata na ce, "Ranka ya daɗe, taho ka gani." Aka ba shi silifa, ya biyo ni rumfa, jama'a na biye. Talgena ya riga ya dahu. Na zuba gari, na naɗe tsumma na taka gefen tukunya da ƙafa ɗaya, na tuƙa. Duwatsu ko motsi. Na tuƙa har ya yi santsi, babu gudaji ko ɗaya, na rufe ya turara. Ni kaɗai, da shekaruna.

Mutumin kirki ne, in faɗi gaskiya, bai yi fushi ba. Ya tsuguna yana leƙa gindin tukunya kamar makaniki. Can ya miƙe ya ce, "Na ga matsalar. Amma akwai mafita. Za mu ba da shawara a riƙa yin tuwon ruwa-ruwa, yadda ba sai an tuƙa da ƙarfi ba."

Na ce, "Akwai shi, ranka ya daɗe. Kunu sunansa. Faɗa wa direban da zai kai Legas ya sha kunu ya kama hanya."

"To a riƙa samun mutum uku suna riƙewa."

"Ai kun gwada."

Na kwashe masa malmala biyu, na zuba miyar kuka da man shanu, na nuna masa buta. Ya wanke hannu ba gardama, ya zauna a benci tsakanin 'yan kamasho, ya cinye tas har da suɗe yatsa. Da ya sha ruwa sai ya kira Sarkin Tasha.

"Malam Tanimu, maganar karɓe rumfa a dakata da ita. A bar musu duwatsunsu tukuna, sai kwamiti ya zauna."

Hansai ta rangaɗa guɗa. Zahradini ya sauke ajiyar zuciya, yana hura yatsunsa.

Sai Darakta ya matso kusa da ni, ya rage murya. Ya manta 'yar na'urar nan tana maƙale a wuyansa, lasifika na kai maganarsa har bakin titi.

"Iya, tsakanina da ke. Murhun nan guda dubu biyu muka sa aka ƙera, suna can jibge a sito. A matsayinki na mai ruwa da tsaki, me kike ba masu tsara manufofi shawara su yi da su?"

Na ce, "Ku nawa ne a ofishin?"

"Manya da ƙanana za mu kai ɗari uku."

"To kowa ya ɗauki ɗaya ya kai wa matarsa, ya ce daga yau a kansa za a tuƙa masa tuwon dare. Duk wanda aurensa ya kai Juma'a, ya zo ya kwashe duwatsuna."